Ranar da Iya Laraba Ta Sa Na Ce Kora Ce

Na sha jin ku kuna maimaita abin da mutanen unguwa suka gaya muku, wai an raba mahaifinku da aikin sabon birni saboda bai iya bakinsa ba. Ban taɓa musa wa kowa ba, domin akwai gaskiya a ciki. Amma yanzu da ƙafa ta yi nauyi, ido kuma ya fara gajiya da karatu, na ga gara in rubuta muku yadda abin ya faru tun ina iya riƙe alƙalami. Akwai abin da na gani da idona a shekarar nan wanda har yau bai bar zuciyata ba, ba na kuma so in tafi da shi kabari ni kaɗai.

A lokacin ana cikin sauya wa garinmu suna zuwa Suleja. Tsofaffi dai Abuja suke cewa, har suka koma ga Allah bakinsu bai saba da sabon sunan ba. Ina koyar da aji biyar a makarantar firamare, muna zaune a gidan kakanku Bawa, ni da mahaifiyarku Hajara da yayyenku biyu. Gwamnati ta riga ta yanke cewa za ta gina babban birnin ƙasa a dajin da ke bayan Dutsen Zuma, sai garinmu ya cika da baƙi kamar ranar kasuwa da ta ƙi watsewa. Motocin gwamnati suna kai da kawo, masu awon ƙasa suna yawo da dogayen sanduna masu ja da fari, duk gidan da ke da ɗaki a rufe sai da aka buɗe shi aka sa ɗan haya. Kakanku ya ba da ɗakin da ke kusa da zaure ga wani mutumin kudu, Mista Etim, safiyo ne mai awon ƙasa, Kirista, dogo marar yawan magana. Da kansa yake wanke safarsa ya shanya a kan danga, ranar Lahadi kuma ya sa fararen kaya ya tafi coci. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Da aka ɗora masa aikin zagaya ƙauyuka don a ƙirga gidaje a kuma sanar da mutane cewa za su bar wuraren da suke zaune, sai ya nemi a ara masa ni daga makaranta in yi masa tafinta. Aka gaya mini cewa duk wanda ya yi aikin da kyau za a riƙe shi dindindin a ofishin sabon birni, har da gida mai famfo. Ban kai shekara talatin ba a lokacin. Ku ƙiyasta yadda zuciyata ta yi.

Aka ba ni takarda ɗaya da Turanci, ita ce zan riƙa juyawa zuwa Hausa a gaban jama'a. Duk layukanta sun zo mini da sauƙi sai kalma ɗaya. Ma'anarta a ɗauke mutane daga inda suke a zaunar da su wani wuri, amma a Turancin ba ta da ƙaya ko ɗaya, santsi gare ta kamar sabulu. Na rubuta “za a kore ku” na soke. Na rubuta “za a tashe ku” na ga ita ma da zafinta. Na rubuta “za ku ƙaura” sai na ga kamar ina yi musu ƙarya, tunda ba su suka ɗaura niyya ba. Bayan la'asar na ɗauki takardar na sami kakanku a zaure. A lokacin yanar ido ta riga ta rufe masa idanu duka biyu, yana zaune kan buzunsa yana murza igiya da hannu, don bai iya zama haka kawai ba. Da ƙuruciyarsa shanu ya kora da ƙafa, daga nan har Ilori da Badun, shekara da shekaru. Auta yake kirana, don ni ne ƙarami a ɗakin mahaifiyata.

“Auta, na ji kana ta yaga takarda. Me ya gagare ka?”

Na gaya masa.

“Su mutanen, sun roƙa a ɗauke su?”

“A'a, Baba.”

“To zauna. Ni ban shiga aji ba, bayan saniya na bi. Amma wannan kalmar na ci abinci da ita.”

Abin da ya gaya mini a yammacin nan ban taɓa samunsa a littafin koyar da Hausa ba. Ya ce kora iri biyu ce. Akwai wadda kake yi wa garkenka, kana bayansu, inda suka sa ƙafa nan za ka sa taka, ƙishin da ya kama su shi zai kama ka, in kun isa mashaya kuma tare za ku sha. Akwai kuma wadda kake yi wa karen da ya sa baki a tukunya, shi ya tafi kai ka tsaya, inda ya nufa bai dame ka ba. Ya ce in saniya ta ratse ta nufi gonar mutane, ba korarta ake yi ba, kaɗa ta ake yi, ka sha gabanta a hankali ka nuna mata sanda ta dawo hanya, ba ta ma san an hana ta komai ba. In ka bi abu da gudu har ya ɓace maka da gani, ka rarake shi. In ka afka wa taro da ƙarfi kowa ya kama gabansa, uwa ba ta san inda ɗa ya bi ba, ka fatattake su, kuma ya ce ya taɓa ganin kura ta yi wa garke haka a bakin wani rafi, kwana uku suna tattara shanu. In ka sa mutum a gaba kana binsa ba da son ransa ba, ka tasa ƙeyarsa, abin da dogari ke yi wa ɓarawo ke nan. Baƙo kuwa ba a korarsa, sallamarsa ake yi, a raka shi bakin hanya a ce ya gaida gida. Ya yi dariya ya ce har tuwo ma ana kora shi da ruwa, shi kaɗai ne wanda ake kora bai ji haushi ba.

“To wacce ce taku a ciki?” ya tambaye ni.

Na ce na ji ana faɗin wata a rediyo, “sauya matsuguni”, ina ganin da ita zan yi aiki.

Ya ci gaba da murza igiyarsa.

“Wannan kalma riga uku ta sa,” ya ce. “Allah ya sa kada ka gamu da wanda zai ce ta tuɓe.”

Da ita na yi aiki, kuma ta yi mini aiki. Muka yi makonni muna shiga ƙauyuka, na Gbagyi da mu muke ce wa Gwarawa, da na Koro, da rugagen Fulani. Mista Etim ya yi bayani, ni in juya, mutane su gyaɗa kai, a shafa wa ƙofofi lamba da jan fenti mu wuce. Tare da mu akwai wani jami'i ɗan garinmu da ke rubuta rahoto, ba zan faɗi sunansa ba don jikokinsa suna nan kuna gaisawa. Shi ma ya yaba mini, ya ce ina da laushin harshe. Na fara jin kaina wani abu. Mahaifiyarku har ta fara tambayar matan ma'aikata yadda ake girki da risho.

Sai ranar da muka je wani ƙauyen Gbagyi da ke cikin lungun duwatsu. Sai da muka bar mota muka taka kusan awa guda. An gama haƙar doya, an jera ta a inuwa an rufe da ganye, ko'ina ƙamshin sabuwar ƙasa. Aka tara mutane ƙarƙashin wata babbar ɗorawa. Mai garin bai manyanta sosai ba, na lura kuma duk abin da aka faɗa sai ya waiga gefen hagunsa, inda wata tsohuwa ke zaune kan turmin da aka kife. Goggonsa ce, Iya Laraba ake ce mata. 'Yar ƙarama ce ƙwarai, kafaɗarta ɗaya ta fi ɗaya sauka saboda ɗaukar kaya, don matansu a kafaɗa suke ɗauka ba a ka ba. Tana riƙe da lofe tana zuƙa. Daga baya na ji cewa tun tana budurwa take kai doya kasuwar garinmu da ƙafa, shi ya sa Hausa ta zauna a bakinta daram, sai dai karin harshensu da bai bar ta ba.

Na karanta jawabina yadda na saba. Na ce gwamnati za ta sauya musu matsuguni, za a ba su fili wajen Diko, za a kawo motoci su kwashe su da kayansu. Na gama na fara naɗe takarda, sai tsohuwar ta cire lofe daga baki.

“Malam, ka yi magana mai daɗi. Amma kunnena ya tsufa. Matsuguni na sani, inda mutum ke tsugunawa. Wa ya ce muku namu ya lalace?”

Na ce ba wanda ya ce ya lalace, aikin ƙasa ne ya biyo ta nan.

“To in mun ce mun gode, a bar mu inda muke, za a bar mu?”

Na juya wa Mista Etim tambayar. Ya cire hularsa ya share gumi, ya daɗe yana kallon taswirar da ke hannunsa. Sa'an nan ya ce mini da Turanci, murya ƙasa-ƙasa, babbar hanya ce za ta bi ta daidai inda muke zaune, ba gida ɗaya da za a bari. Jami'in nan ya matso kusa da kunnena.

“Ka ce mata ana duba maganar,” ya raɗa mini.

Ban san ko ta ji shi ba. Ta dai dube ni, ba fushi a fuskarta ko kaɗan.

“Malam, in akuyar maƙwabci ta shigo maka gida tana cin dawa, ka ɗauki kara ka fitar da ita, me ka yi mata? Matsuguni ka sauya mata?”

Wasu suka yi dariya, dariyar ta mutu nan take.

“Ni ba faɗa nake nema ba, ɗana,” ta ce. “So nake in san sunan abin da ya same ni. Mijina yana kwance can bayan dutsen nan, da uwata, da 'ya'yana huɗu. Zan je in gaya musu. Ba zan kai musu kalmar da ni kaina ban gane ba.”

'Ya'yana, na tsaya gaban masu duba makarantu, na tsaya gaban alƙali sau ɗaya a matsayin shaida, ban taɓa shiga tsaka mai wuya kamar ranar ba. Na san abin da ake so in faɗa, na san kuma abin da ke jirana in na faɗe shi: aiki, da gida, da makarantar kirki dominku. Ba kuma zan ce muku jarumta ce ta motsa ni ba. Kunya ce. Tsohuwar nan ta girmi uwata, tana kallona tsakiyar ido tana jira, na nemi ƙaryar a bakina na rasa ta.

“Iya,” na ce, “kora ce. Za a ba ku wani wuri, ba wanda zai ɗaga muku hannu. Amma ko kun so ko kun ƙi sai kun tashi. A Hausar da ubana ya koya mini, sunan wannan kora.”

Na rufe baki ina jiran ihu. Na hango samari a tsaye da fartanyoyi a kafaɗa, na tuna nisan da ke tsakaninmu da mota. Ba wanda ya motsa. Iya Laraba ta ƙwanƙwasa lofenta a gefen turmi tokar ta zube, ta juya ta yi wa mutanenta magana da harshensu, ba ta fi jimla biyar ba. Na ga wani dattijo ya rufe fuska da tafin hannu. Sa'an nan ta juyo gare ni.

“Allah ya yi maka albarka. Tun bara ake zuwa mana nan da sanduna ana aune-aune, kai ne na farko da ya ɗauke mu manyan mutane. Yaushe motocin za su zo?”

Na tambaya, aka ce bayan wata biyu.

“To a gaya wa mai motocin ya huta. A nuna wa yaran nan wurin kawai. Ba zan zauna in jira a loda ni kamar buhun gawayi ba. Da ƙafa kakanninmu suka zo nan, da ƙafa za mu fita.”

Muka taka zuwa mota muka dawo gida. Kwana shida bayan haka aka kira ni ofis aka ce na zuga talakawa, na faɗi kalmar da ba ta cikin takardar gwamnati. Mista Etim ya shiga ya ce shi ya ba da amsar, ni juyawa kawai na yi, aka ce masa shi ba ya jin Hausa, ina ya san abin da na juya. Aka mayar da ni makaranta, aka ce in saurari takardar canjin wurin aiki. Da na gaya wa mahaifiyarku tana tankaɗe, sai ta ci gaba da tankaɗenta hawaye yana ɗiga cikin garin. Kakanku kuwa sau biyu ya sa na maimaita masa maganar tsohuwar, kalma bayan kalma, sa'an nan ya ce a miƙo masa buta zai yi alwala.

Bayan kamar wata ɗaya, ranar wata Asabar da hantsi, Mista Etim ya shigo gida da sauri yana kirana da Turanci, abin da ban taɓa gani ya yi ba.

“Tica, zo! Zo ka gani! Mutanen Mama Laraba suna tafiya!”

Kakanku ya ji daga zaure ya tambaya, da na gaya masa ya ce ba za a bar shi ba. Na ce masa Baba me za ka gani, ya ce in kama masa hannu in daina surutu. Muka sa shi gaban motar aikin Mista Etim, muka nufi wajen Madalla, wadda a lokacin 'yan rumfuna ne kawai a bakin hanya. Muka tsaya a gindin Dutsen Zuma. Kun san yadda dutsen nan yake, in kana ƙarƙashinsa sai ka ji kamar kai ƙwaro ne. Na shimfiɗa wa kakanku buzu a inuwar mota, na ɗaga kai na duba kudu.

Da farko na ɗauka idona ne. Na ga jinkaye suna tafiya. Rufin ɗakuna sukutum, na ciyawa masu tsini, suna fitowa ɗaya bayan ɗaya daga cikin dogayen ciyayi suna hawowa hanya, suna rangaji a hankali. Sai da suka matso na ga ƙafafun mutane a ƙarƙashinsu, kowace jinka maza shida ko takwas sun sa kafaɗa sun ɗauke ta ɗungurungum. Ƙauye ne guda ya miƙe tsaye yana tafiya. Bayan jinkayen mata ne a jere, kowace da ƙatuwar ƙwarya a kafaɗa: irin doya, tukwane, duwatsun niƙa, kaji a cikin kwanduna, jarirai a goye. Tsofaffin maza suna rungume da ƙananan tukwane da aka toshe bakinsu da ganye, suna riƙe da su a ƙirji da hannu biyu. Daga baya aka gaya mini ƙasa ce da suka ɗebo daga kan kaburburan iyayensu, kowane gida da tasa. An ce kafin su fito da hannunsu suka rushe bangayen ɗakunansu da rumbunansu, don kada wani baƙo ya zo ya yi musu. Kwanansu biyu a hanya, a daji suka kwana.

Abin da ya fi kama ni shi ne shirun. Ba kuka, ba kiɗa, ba mai yi wa wani tsawa. Sai sautin tafin ƙafa a kan ƙasa, da ƙarar itacen jinka in an sauya kafaɗa. Akwai masu aikin hanya a wurin da wata katafila tana ta ruri tun safe, sai direbanta ya kashe ta ya sauko ya tsaya. Manyan motoci biyu da suka fito daga Kaduna suka gangara gefe suka ba da hanya ba wanda ya ce su yi. Na waiga na ga Mista Etim ya cire hula ya riƙe a ƙirji, leɓunansa suna motsi.

Kakanku ya karkata kai yana saurare, kamar yadda yake yi in ana kiran salla daga nesa.

“Auta, ba na jin gudu.”

“Ba mai gudu, Baba.”

“Wa ke bayansu?”

Na leƙa har ƙarshen layin. Wani dattijo ne da akuya biyu a igiya.

“Ba kowa, Baba. Su kaɗai ne.”

“Ta da ni tsaye,” ya ce.

Na kama shi ya miƙe. Mutumin da ko sallar farilla a zaune yake yi saboda gwiwa, ya tsaya kan ƙafafunsa yana dafe da kafaɗata har mutum na ƙarshe ya wuce.

Iya Laraba tana tsakiyar matan. Ba kaya a kafaɗarta, kasko ne a hannunta da garwashi a ciki an lulluɓe da toka, ɗan hayaƙi yana tashi. Wutar murhunta ce ta ɗebo, ta hana ta mutu kwana biyu. Da ta zo daidai mu ta gane ni, ta fito daga layi.

“Malam, an ce sun karɓe aikin.”

“Sun karɓe, Iya.”

“Ka yi haƙuri. Ni na ja maka.”

Na ce ba ita ba ce. Ta dubi kakanku, ta ga idanunsa.

“Baba, kai ka haifi wannan?”

“Ni ne,” ya ce.

“To sannu da aiki.”

Ta hura garwashinta sau ɗaya, ta koma cikin layi. Ban sake ganinta ba.

Ba zan yi muku zaƙin baki a kan abin da ya biyo baya ba. Wurin da aka ba su ƙasarsa tsakuwa ce, doya ba ta yi kamar ta gida ba, ruwa kuma sai an yi tafiya. Na ji labarin Iya Laraba ta rasu a damina ta biyu. Maganar da na faɗa ba ta hana a yi hanya ba, ba ta ceci ɗaki ko ɗaya ba. Ni kuma aka tura ni wata 'yar makaranta a wani ƙauye can bayan Gawu, inda in rafi ya cika sai a yi mako ba mai shiga ba mai fita. Shekara goma sha ɗaya muka yi a can, a can aka haifi uku daga cikinku. Waɗanda muka fara tafinta tare sun zama manya a sabon birni, kun san gidajen wasunsu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kakanku ya rasu a shekara ta uku, da damina, saƙo bai iso ni ba sai bayan kwana huɗu. Mista Etim ne ya tsaya a ƙofar gida yana karɓar masu gaisuwa tare da baffanninku, da 'yar Hausarsa. Ban sami wankan mahaifina ba, ban sami sallarsa ba. Wannan yana cikin abin da kalma ɗaya ta ci mini, ban kuma taɓa cewa da arha na same ta ba.

Akwai abu ɗaya da ban taɓa gaya muku ba. Ranar da aka miƙo mini takardar canjin wurin aiki, wanda ya miƙo ta ya ja ni gefe ya ce akwai mafita. In na rubuta da hannuna cewa kuskuren fassara na yi, cewa ba kora ba ce, na sa hannu, za a soke canjin, watakila ma a mayar da ni aikin tafinta. Ya ce ba gaggawa, duk ranar da na rubuta a kawo. Na karɓi farar takarda na ninke na sa a aljihu. Kwana bakwai tana aljihuna, ina taɓa ta ina fasawa. Na gaya wa mahaifiyarku maganar, ta ce in yi abin da na ga ya fi. Har ranar tafiya ban yanke ba. Da safe, da motar da za ta kai mu ta tsaya a ƙofar gida, na ce mata ta ɗauki abin da ba shi da nauyi kawai, tabarma da tukunya biyu da kayan sawa, don mai yiwuwa wata ɗaya ko biyu mu dawo. Na shiga na durƙusa na yi sallama da kakanku, ya dafa kaina ya daɗe bai ɗauke hannu ba.

Da na fito na tarar da maza biyu suna nishi suna ɗora babban turminta a bayan mota, wanda uwarta ta ba ta, ga dutsen niƙa an riga an ɗora, ga gadonmu an kwance an ɗaure. Ita kuma tana zaune a kan buhun dawa da goyo a bayanta, ta gyara lulluɓi.

“Hajara, ba na ce kaya marar nauyi ba?”

“Na ji ka, Malam.”

“To wannan turmin fa?”

Ta dubi aljihun rigata, sa'an nan ta dube ni.

“Shekara bakwai ina zaune da kai. Takardar nan ba za ka rubuta ta ba. Hau mu tafi, kada rana ta yi wa yara zafi.”

Na hau.